Aikin otel a arewacin Togo: Ina ake koyonsa, kuma me ke hana matasan zango hawa sama?

Duk wanda ya tashi daga Lome a mota ya nufi iyakar Burkina Faso, da wuya ya isa Sinkase bai tsaya cin abinci ko kwana a hanya ba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tana kai matafiyi Sokode bayan kimanin kilomita 340, ta wuce Kara da Mango, ta ratsa gundumar Tandjouaré, sannan ta shiga Dapaong, wadda ke nesa da babban birnin da sama da kilomita 600. A duk tsawon wannan hanya akwai otel-otel, da ƙananan masaukai da ake kira oberj, da gidajen abinci, kuma kowannensu na buƙatar mai karɓar baƙi, da mai girki, da mai gyaran ɗaki, da mai gadi.

Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata ba su taɓa zama a aji an koya musu aikin ba. Da ido suka koya, suna kallon wanda suka tarar. Wannan ya isa a ɗauki mutum aiki, amma ba kasafai yake kai shi ga kujerar shugaban ma'aikata ko manaja ba. Matsalar ta fi shafar matasan unguwannin zango, waɗanda ke da harsuna da iya hulɗa da baƙo, amma ba su da takardar da za ta shaidi abin da suka iya.

Baƙin arewa sun canja

A da, ƴan yawon buɗe ido na cikin baƙin da masaukan Dapaong ke sa rai da su. Abin da ke jawo su yana gundumar Tandjouaré: kogunan dutse na Nok da Mamproug, inda mutanen yankin suka gina rumbuna na laka a jikin tsauni suka riƙa fakewa a zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Da tsanin ƙarfe ake sauka zuwa kogon Nok. Tun shekarar 2000 Togo ta sanya wuraren a jerin waɗanda take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Mai zuwa ganinsu yakan kwana a Dapaong, ya ɗauki ɗan jagora, ya ci abinci a gari, wasu kuma su haɗa da Koutammakou da ke yankin Kara, wanda UNESCO ta amince da shi tun 2004.

Tsaro ya sauya wannan lissafi. A watan Nuwamban 2021 ƴan bindiga suka kai hari a Sanloaga da ke gundumar Kpendjal, a watan Mayun 2022 kuma aka kashe sojoji 8 a Kpékpakandi. A watan Yunin 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes baki ɗaya, aka kuma yi ta sabunta ta. Ƙasashen Turai da Amurka suka riƙa gargaɗin ƴan ƙasarsu game da zuwa kusa da iyakar Burkina Faso, ƴan yawon buɗe ido kuwa suka ja da baya.

Sai dai ɗakunan ba su zauna haka nan ba. Jami'an gwamnati masu aikin shirin gaggawa na yankin Savanes, wato PURS, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke kula da ƴan gudun hijira, da masu shirya tarukan bita, su ne suka riƙa cika wuraren. Haka kuma, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya da yawa da ke bi ta Kwatano suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome, suna hawa ta Sokode da Dapaong da Sinkase zuwa Burkina Faso kafin su shiga Nijar. Direbobi da ƴan kasuwa da masu fiton kaya da ke bin waɗannan motoci, da yawansu Hausa suke ji.

Waɗannan baƙi suna da buƙatunsu daban. Ƙungiyar da ta kawo mutum 40 taron kwana uku tana son shayi ya fito a kan lokaci, abincin rana ya ishi kowa, a kuma ba ta takardar biya mai hatimi wadda akawunta zai karɓa. Hukumomin tsaro na son a rubuta sunan kowane baƙo da lambar katinsa a takardar rajista. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Konni yana son ya san inda alƙibla take, da wanda ya yanka naman da za a ba shi, da inda motarsa za ta kwana lafiya. Otel ɗin da ma'aikatansa ba su san yadda ake biyan waɗannan buƙatu ba, baƙin sukan koma na kusa da shi.

Abin da zango ya riga ya sani

Saukar baƙo don neman abinci tsohuwar sana'a ce a wurin Hausawa. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja saro goro a kasuwar Salaga. Wata hanya ta bi ta Jugu ta shiga ƙasar Kotokoli, wata kuma ta bi ta Sansannen Mango da Yandi. Wuraren da ayari ke yada zango su ne suka zama unguwannin da har yau ake kira zango, kuma Didaouré, tsohuwar unguwar ƴan kasuwa Musulmi a Sokode, daga wannan fatauci ta bunƙasa.

A kowane zango akwai fatoma, ko mai gida. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, sannan ya sami la'adarsa. Yaran gidansa a gabansa suke koyon aikin: yadda ake tarbar mutum, yadda ake riƙe sirrinsa, yadda ake gane wanda ba a yarda da shi ba. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a binciken da ya yi kan unguwar Sabo ta Ibadan, wanda ya fito a 1969. Karin maganar da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, ita ce darasin farko da makarantun otel ke koyarwa da wasu kalmomi.

Matashin da ya tashi a zangon Sokode yakan ji Hausa da Tem, na Dapaong kuma yakan haɗa da Moba ko Moore, ga Faransancin kasuwa. Wannan jari ne babba a wurin karɓar baƙi. Abin da fatoma bai bar wa jikokinsa ba shi ne rubutu da lissafi irin na otel na zamani, da dokokin tsaftar abinci ga mutane masu yawa, da takardar shaida. Gurbin da horo ke cikewa ke nan.

Me ake koya wa ma'aikacin otel?

Aikin otel sassa ne, kuma kowane sashe da nasa ilimin. Wannan rabon aiki ya samo asali daga manyan otel-otel na Turai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da shahararren mai girkin nan na Faransa, Auguste Escoffier, ya tsara madafa ta yadda kowa ke da aikinsa da wanda yake amsa wa. A 1893 aka buɗe makarantar koyon aikin otel ta Lozan a ƙasar Suwizalan, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a duniya.

Mai karɓar baƙi yana koyon riƙe littafin ɗakuna, don kada a ba mutum biyu ɗaki ɗaya. Yana koyon cike takardar rajista, da rubuta takardar biya, da karɓar kuɗi ta waya, ko ta Flooz ko ta Mixx, wadda a da ake kira T-Money, da haɗa lissafin yini kafin ya miƙa aiki. Ana kuma koya masa auna cikar otel: idan ɗakuna 20 ne aka kama 8, kashi 40 cikin ɗari ke nan, kuma da wannan adadi mai otel ke sanin ko watan ya biya kansa. Yana koyon kame baki, domin faɗa wa wanda ya shigo daga waje lambar ɗakin baƙo kuskure ne da ka iya jawo asarar dukiya ko rai, musamman a yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci.

Mai gyaran ɗaki yana koyon bin tsari ɗaya kullum: buɗe taga, cire zanin gado da tawul, shara daga sama zuwa ƙasa, bayi a ƙarshe da tsummansa na daban. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na sa a maimaita aikin. Ana gargaɗinsa kada ya haɗa ruwan jabel da maganin wanke bayi mai tsami, saboda haɗin na fitar da iska mai guba. Ana kuma koya masa abin da zai yi da kayan da baƙo ya manta: a rubuta, a ajiye, a sanar.

A madafa ne kuskure ya fi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita tsaftar abinci a ƙa'idoji biyar: tsaftar hannu da wuri, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai har zafin ya kai digiri 70, ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, da amfani da ruwa da kayan haɗi masu kyau. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba. A Dapaong, inda zafin watan Maris da Afrilu kan kai digiri 40, kuma wutar lantarki kan ɗauke, mai girkin da bai san wannan ba zai iya kwantar da mahalarta taro guda a asibiti. Horarren mai girki ya san abin da ya fara shiga firij shi ke fara fita, ya san allon yanka nama daban da na ganye, ya kuma san nawa kwano ɗaya ya ci kafin a sa masa farashi.

Akwai kuma abin da ya shafi kowa: yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara, yadda ake rufe tukunyar gas, inda ƙofar fita take, da taimakon farko ga wanda ya ƙone ko ya suma.

Hanyoyin samun horo a Togo

Hanya ta farko ita ce makaranta. Tsarin ilimin sana'a na Togo yana da matakai irin na sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci. CAP ita ce takardar ƙwarewa ta matakin farko. BT ana samunta bayan shekara uku ga wanda ke da BEPC. BTS kuwa shekara biyu ce bayan BAC, kuma ita ce ke buɗe ƙofar shugabancin sashe. Wahalar ita ce fitattun makarantun koyon otel sun taru ne a Lome, kamar yadda manyan otel-otel irin su 2 Février da Sarakawa suke can. Ga iyalin da ke Tandjouaré ko Dapaong, kuɗin makaranta ɓangare ne kawai na nauyin, domin akwai kuɗin mota na sama da kilomita 600, da haya, da abinci, da kayan aiki.

Hanya ta biyu ita ce koyon sana'a a wurin maigida, kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Iyaye kan sa hannu a yarjejeniya, yaro ya yi kimanin shekara uku, sannan ya zauna jarrabawar kammala koyon sana'a, wato CFA, wadda hukuma ke shiryawa tare da majalisun masu sana'ar hannu. Akwai kuma takardar CQP ga wanda ya bi tsarin haɗa aji da wurin aiki, inda almajiri ke yin mafi yawan mako a wurin maigidansa, ya je cibiyar horo a sauran kwanakin. Sokode na cikin garuruwan da aka fara gwada wannan tsari da taimakon ƙasar Jamus, tare da Kpalimé da Tsévié. Tsarin ya dace da aikin otel ƙwarai, domin gyaran gado da tarbar baƙo ba a ƙware da su a kan allo.

Hanya ta uku ita ce horo a cikin otel ɗin kansa, kuma ita ce ta fi kusa da mafi yawan ma'aikatan arewa. Ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Shugaban sashe kan tara mutanensa na minti 15 kafin a fara aiki, ya ɗauki abu ɗaya kawai, ya nuna, ya sa kowa ya gwada. Akan liƙa jerin matakan aiki a bango, da hotuna ga wanda bai iya karatu ba. Akan haɗa sabon ma'aikaci da tsoho na makonnin farko. Raunin wannan hanya shi ne ba ta ƙarewa da takarda, sai idan ma'aikacin ya nemi takardar shaidar aiki da ke nuna muƙaminsa da tsawon lokacin da ya yi. A Faransa, tun 2002 doka ta ba wanda ya daɗe yana aiki damar gabatar da ƙwarewarsa gaban alƙalai ya sami takarda ba tare da komawa aji ba. Irin wannan tsari shi ne zai fi amfanar mai girkin da ya shekara goma a madafa ba shi da ko CAP.

Wa zai biya, kuma me ya sa masu otel ke ja da baya?

Mai ƙaramin otel yakan ji tsoron ya kashe kuɗi a kan ma'aikaci, da ya ƙware kuma ya tafi Lome ko Kwatano ko Akara. Tsoron na da tushe. Amma abin da ke korar ma'aikaci sau da yawa shi ne ƙarancin albashi da rashin sanin gobe. Tun 1 ga Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500, wato jaka 52 da rabi a wata. Dokar ƙwadago ta 2021 ita ce ke tsara yarjejeniyar aiki da hutu. Wajibi ne mai otel ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNSS, wanda ke biyan fansho da diyyar haɗarin aiki, kuma tun Janairun 2024 aka faɗaɗa inshorar lafiya ta AMU zuwa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Ma'aikacin da ke da waɗannan yana da dalilin zama.

Nauyin horo ba a kan mai otel kaɗai yake ba. Tun 1988 Togo ke da asusun FNAFPP, wanda aikinsa shi ne tallafa wa koyon sana'a da ƙarin horo ga ma'aikata. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, tana da shirin AIDE da ke tura matasa masu takarda su yi aikin gwaji a kamfanoni. Ƙananan masaukai da ke gari ɗaya za su fi samun biyan buƙata idan suka haɗu suka nemi malami guda ya zo ya horar da ma'aikatansu tare, a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Kalandar yankin a bayyane take: Kara kan cika a watan Yuli saboda kokawar Evala, Sokode kan cika lokacin bikin Gadao-Adossa, Dapaong kuma a watan Disamba lokacin bikin girbi na Tingban-Paab. Horon da aka yi wata ɗaya ko biyu kafin waɗannan lokuta, nan take ake ganin amfaninsa.

Akwai abin da matasa ya kamata su yi hattara da shi. Aikin gwaji, wanda ake kira sitaj, an yi shi ne don koyo na ɗan lokaci. Idan ya zarce wata da watanni ba yarjejeniya a rubuce, ba mai koyarwa, ba takarda a ƙarshe, to ya koma aikin banza da aka sauya wa suna.

Damuwar iyaye

A gidaje da yawa na zango, kalmar otel tana tafiya ne da giya da masha'a, shi ya sa uba kan fi son ɗansa ya bi mota ko ya zauna a shago. Ga ƴa mace abin ya fi tsanani, saboda aikin dare da kuma baƙin da ba su da kamun kai. Wannan damuwa ba ta rasa dalili ba, domin akwai masaukan da abin da suke yi ke nan. Amma otel mai ɗaukar taruka da matafiya yana da ayyuka da yawa da ba su haɗa mutum da mashaya ba: madafa, gashin burodi da kek, wanki da guga, lissafin kuɗi, sayayya, gyaran wuta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, tuƙi, da karɓar baƙi. Horo nagari ma yakan haɗa da yadda ma'aikaciya za ta ƙi abin da bai dace ba, da wanda za ta kai wa ƙara, da alhakin da ke kan manaja na kare ta.

Akwai kuma sana'o'in da tuni suke hannun Hausawa waɗanda otel ke buƙata. Mahauta su ne ke kai nama, masu tsire kuwa, wanda a Togo da Gana ake kira cincinga, su ne ake nema idan ana liyafa. Mahaucin da ya koyi ajiye nama a sanyi, ya iya rubuta takardar biya, ya kuma kai kaya a kan lokaci, zai iya samun kwangilar shekara da otel maimakon cinikin yini.

Kafin a biya kuɗin makaranta

Iyalin da ke shirin tura yaro koyon wannan aiki yana da tambayoyin da ya kamata ya yi tun kafin ya fitar da ko dala. Shin ma'aikatar ilimin sana'a ta amince da makarantar? Jarrabawar ƙasa ɗalibanta ke zaunawa, irin su CAP da BT da BTS, ko takardar makarantar ce kawai ake bayarwa? Akwai madafa da ɗakin gwaji da ɗalibai ke aiki a ciki da hannunsu? A wane otel ake tura su sitaj, na tsawon wane lokaci, kuma wa ke duba su a can? Ina ɗaliban bara suke aiki yanzu?

Wanda ya riga ya fara aiki kuwa, abu uku ne ke gabansa: ya nemi yarjejeniya a rubuce da lambar CNSS, ya karɓi takardar shaidar aiki a duk wurin da ya bari, ya kuma gyara karatu da rubutunsa na Faransanci ko da a ajin yamma ne. Idan zai nemi aiki, ya rubuta Hausa da Tem da Moba da duk harshen da yake ji a takardar neman aikinsa, kusa da Faransanci. A kan hanyar da motocin Nijar da Burkina Faso ke bi dare da rana, mai otel yana buƙatar wanda zai amsa sallamar direba da harshensa, ya kuma rubuta masa takardar biya daidai.